Wa ke da baki? Kwafin kati da lokacin zartarwa a wasan Magic

Maki shida suka rage wa ɗan yayarmu a daren, ƙanena kuwa yana riƙe da kati biyu da suka isa su gama da shi. Muna kan tabarma a ƙofar gida a Garwa, bayan isha'i, cikin zafin Afrilu da ba ya barin kowa ya shige ɗaki da wuri. Ƙanena ya ajiye Lightning Bolt, katin da ke cire maki uku, wanda muka fi kira Foudre saboda rabin katunanmu na Faransanci ne. Ya ce, "Uku a kanka." Sai ya ɗaga kai ya zuba wa yaron ido. Yaron ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce, "To Kawu, na karɓa," ya soke shida a takardarsa ya rubuta uku. Bai ajiye biro ba ƙanena ya dangwara Reverberate, katin da ke kwafar wani kati, ya ce, "Na kwafa. Uku da uku shida, ka faɗi."

Gardama ta kaure, kowa ya ja daga. Can suka juyo gare ni. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ka faɗa masa." Na ce yaron ne da gaskiya.

Ƙanena bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba, don hujjarsa tana da daɗin ji: kati biyun suna hannunsa, abin biyansu yana gabansa, tsakanin na farko da na biyu bai wuce numfashi uku ba. Sai dai wannan wasa ba ya auna lokaci da agogo. Da baki yake aunawa: wa ke da damar magana yanzu, wa ya sallama, me kuma ke jira a tsakiya a sa'ilin da aka sallama. Duk rigimar kwafi da na taɓa gani, in ka bi diddiginta, nan za ta kai ka.

Ga wanda bai san wasan ba, Magic: The Gathering wani Ba'amurke masanin lissafi mai suna Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. A tsarin da aka fi sani, kowa yana farawa da maki 20 na rai, da tarin katinsa da bai gaza 60 ba, ya ja bakwai a hannu. Akwai katunan filaye, irin su Tsauni da Tsibiri, waɗanda ake karkatarwa su ba da abin biyan sauran katuna. Sunan wannan abin biya a wasan "mana", amma da yake ya yi karo da kalmarmu ta kullum, mu kuzari muke ce masa. Kuzarin launi biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. Na san sunan wasan da zanen da ke jikin katunan sukan sa manya su tsargu, kuma tambayarsu tana kan hanya. Abin da ke ciki dai takarda ce da tawada da lissafi, ɗan'uwan dara ne. A farkonsa akwai dokar da ke sa wanda aka cinye ya rasa kati guda, amma tun tsakiyar shekarun 1990 aka daina buga katunan da suka dogara da ita, kuma ba a yarda da su a gasa. Mu ma ba ma sa ko dala a wasanmu.

Abin da sabon shiga ya fi wahalar yarda da shi shi ne, katin da ka jefa ba ya aiki a take. Yana zuwa wani wurin jira ne tukuna, wanda katunan Faransanci ke kira la pile, mu kuma tari. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya ga 'yan dako suna sauke lodin albasa ya riga ya san dokarsa: buhun da aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Ka jefa kati, ya hau tari. Abokin wasanka ya mayar da martani, nasa ya hau kan naka. Nasa zai fara sauka.

Misali mafi sauƙi shi ne na Grizzly Bears, halitta, wato katin da ke zama a fage yana yi maka faɗa, mai ƙarfi biyu da juriya biyu. Na jefe ta da Foudre. Kai kuma, tun Foudre na kan tari, ka jefa Giant Growth, mai ƙara uku da uku. Naka ne a sama, shi ya fara sauka, halittar ta koma biyar da biyar, Foudre ya zo ya yi mata raunin uku, ta tsira. Yanzu a juya. Kai ka fara jefa Giant Growth, ni na mayar da Foudre. Nawa ya fara sauka a kan halitta mai juriya biyu, ta mutu, Giant Growth ya zo sauka bai tarar da wadda aka aiko shi wurinta ba, ya tafi juji a banza. Katunan ba su canza ba, kuzarin da aka biya bai canza ba. Wanda ya fara buɗe baki ne ya yi asara.

Ba haka wasan ya fara ba. A shekarunsa na farko akwai wani rukunin katuna da ake kira interrupt, masu saurin da ya fi na sauran, kuma tsarin lokacin ya kan rikita har waɗanda suka daɗe a ciki. Dokokin bugu na shida, a 1999, su suka kawo tari kamar yadda muka san shi, suka mayar da waɗancan katuna cikin rukunin katunan nan-take, waɗanda ake iya jefawa duk lokacin da mutum ke da baki. A 2009 kuma aka cire raunin faɗan halittu daga tari. Wannan tarihi yana da amfani a wurinmu, don katunanmu tsintuwa ce: wasu daga Duwala, wasu wani ɗan'uwa ya zo da su daga Faransa, tsofaffi da sababbi a gauraye. In rubutun tsohon kati ya saɓa da na yau, rubutun da kamfanin ya sabunta, wanda ake kira Oracle, shi ne alƙali.

To, mene ne baki? A kowane lokaci, mutum ɗaya ne kawai ke da damar jefa kati ko tayar da wani iko. Mai zagaye, wato wanda layin bugawa ya zo kansa, shi ke fara samun wannan dama. In ya jefa kati, bakin ba ya tsallakawa zuwa ga abokin wasansa kai tsaye, wurinsa yake dawowa. Yana iya ƙara wani kati a kai, yana iya sallamawa. In ya sallama, baki ya koma ga na gaba. Sai kowa ya sallama a jere, ba tare da wani ya ƙara komai a tsakani ba, sannan abin da ke saman tari, shi kaɗai, zai sauka ya zartu. Da ya gama, baki ya koma wurin mai zagaye, a sake sabon lale. Sashe na 117 na babban kundin dokokin wasan ke nan a taƙaice.

Na zaɓi kalmar sallamawa ne da gangan, don ciniki ne sak. A kasuwar shanu, muddin mai saniya yana cewa albarka, ciniki a buɗe yake, kowa na iya ƙari. Da ya ce na sallama, mai saye ya ce na saya, bakin alƙalami ya bushe. Ba ka da ikon dawowa ka ce ai da ma akwai abin da kake son ƙarawa. Ƙanena ya jefa Foudre, ya yi shiru yana kallon yaron: sallamawa ke nan. Yaron ya ce na karɓa: shi ma ya sallama. Biyu a jere. Foudre ya sauka, ya cire uku, ya tafi juji. Reverberate kuwa kati ne da ke bukatar wani kati a kan tari wanda zai kwafa. Tari wayam. Ihu bayan hari.

Da yawa daga cikin samarinmu wasan katin Yu-Gi-Oh suka fara sani kafin Magic, kuma daga can suke zuwa da wata ɗabi'a da ke cutar su. A can, in an gama ƙulla sarƙar martani, gaba ɗayanta take warwarewa daga ƙarshe zuwa farko, babu mai sa baki a tsakani. A Magic kuwa ɗaya bayan ɗaya ake saukewa, kuma bayan kowane ɗaya ana sake buɗe ƙofa. In abu uku ne a kan tari, kana iya barin na sama ya sauka, ka ga abin da ya haifar, sannan ka ɗora sabon kati a kan biyun da suka rage. Abin da ba ka iyawa shi ne katse kati yana tsakiyar zartuwa. In kati ya ce ka ja biyu sannan ka zubar da biyu, babu mai baki tsakanin ja da zubarwa, ko da katin da ka jawo shi ne maganin matsalarka. Ajiye fili da karkatar da shi don samun kuzari kuwa ba sa hawa tari sam, don haka ba a yi musu martani.

Yanzu mu koma wurin ƙanena, don a nan abin yake da daɗi. Me ya sa ya jira? Ba mantuwa ya yi ba. Yaron yana da Tsibiri biyu a tsaye, ba a karkatar ba, kuma kowa a tabarmar ya san abin da Tsibiri biyu ke nufi: Counterspell, Contresort a bakinmu, katin da ke soke duk katin da ke kan tari. Ƙanena so yake ya ga ko yaron zai motsa, sannan ya yanke shawara. Dokar baki an gina ta ne daidai don ta hana wannan.

Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko, ya jefa Foudre ya ce, "Ina riƙe da baki," ya ɗora Reverberate a kai nan take. In yaron ba shi da komai, Reverberate ya sauka, ya haifi kwafi, kwafi ya cire uku, na asali ya cire uku, wasa ya ƙare. In kuwa yaron yana da Contresort kuma ya san abin da yake yi, ba Reverberate zai soke ba. Foudre ɗin da ke ƙasa zai soke, tun Reverberate bai sauka ba. Foudre ya tafi juji, Reverberate ya zo sauka ya tarar abin kwafarsa ya ɓace, shi ma ya bi shi. Kati biyu sun salwanta a kan ɗaya, ko maki guda bai fita ba. Shida ko sifili.

Hanya ta biyu, ya jefa Foudre ya sallama. In yaron ya ƙyale, uku sun fita, Reverberate na nan a hannu don wani lokaci. In yaron ya jefa Contresort, baki zai sake zagayowa wurin ƙanena alhali Foudre na nan a ƙasan tari bai tafi ba, sai ya kwafe shi. Kwafin ya hau can sama, ya fara sauka, ya cire uku, sannan Contresort ya kashe na asali. Ta kowace fuska uku ne, ba ƙari ba ragi.

Ka ga zaɓi na gaske ke nan, mai nauyi ta kowane gefe, kuma dole ka yi shi ido rufe, kafin ka san abin da ke hannun abokin wasanka. Abin da ƙanena ya nema shi ne ya ci amfanin hanyoyin biyu a haɗe, ya samu shidan ba tare da ya ɗauki kasadar sifilin ba. Ni ina ganin da dokar ta yarda da haka, da an zare wa katunan kwafi duk abin da ya sa suke bukatar basira. Shi ya sa ban yarda da masu cewa "ai wasan gida ne, a bar shi" ba. A gasa ma ƙa'idar a rubuce take: duk wanda ya ɗora abu a kan tari ana ɗauka ya sallama, sai fa in ya furta cewa yana riƙe da baki. Masu buga MTG Arena, wato Magic na kwamfuta, sun san wannan da yatsunsu, don maɓallin Ctrl ne ke ba su cikakken iko a kan bakinsu.

Sai tambaya ta gaba, wadda ita ma takan haɗa 'yan'uwa faɗa: shi kwafin, me yake ɗauka daga na asali, me yake bari?

Ka tuna shagunan fotokwafi da ke bakin jami'ar Ngaundere a Dang. In ka kai fom da ka riga ka cike, injin zai fito maka da komai: sunanka, akwatin da ka yi wa maki, adadin da ka rubuta. Har hoton tambarin da ka manna zai fito. Amma ba wanda zai ce ka biya kuɗin tambari sau biyu. Haka kwafin kati yake, kamar yadda sashe na 707 ya tsara. Duk shawarar da aka yanke lokacin jefa na asali tana bin kwafin: wanda aka saita, zaɓin da aka ɗauka in katin mai zaɓuɓɓuka ne, adadin X, wato lambar da mai jefawa ke zaɓa ya biya, da ko an biya ƙarin farashi. Wanda ya zuba kuzari bakwai a Blaze, katin da ke cire maki daidai X, X ɗin ya zama shida, kai kuma da kuzari biyu kacal na Reverberate za ka samu naka Blaze mai shida, ka juya masa shi. Burst Lightning yana cire biyu, in an biya ƙarin huɗu ya cire huɗu, kuma kwafin wanda aka biya wa ƙarin shi ma huɗu zai cire. Fling yana sa ka sadaukar da halitta ka yi rauni daidai ƙarfinta. Kwafinsa ba ya neman wata halittar, da ƙarfin ta farkon yake aiki.

Kuzarin kansa ne ba ya kwafuwa. Radiant Flames yana ƙirga launin kuzari nawa aka kashe wajen jefa shi, ya yi wa kowace halitta rauni daidai wannan adadi. Kwafe shi, za ka samu sifili, don ba a kashe ko launi ɗaya a kan kwafin ba. Mutane sukan ga kamar wannan ya saɓa wa maganar X, amma bai saɓa ba. X adadi ne da aka furta aka rubuta a fom. Kuzari kuɗi ne da suka shiga aljihun mai tambari.

Akwai wani ɗan lungu a nan da nake so ƙwarai. Yawancin katunan kwafi suna cewa kana iya zaɓar wa kwafin sabon saiti. Wannan zaɓi ba lokacin jefa Reverberate ake yinsa ba, sai lokacin da yake sauka. Wato abokin wasanka dole ya yanke shawarar martani bai san inda kwafin zai nufa ba, kuma ba shi da hurumin tilasta ka ka faɗa. Bayan kwafin ya hau tari da saitinsa, a nan kowa zai sake samun baki kafin ya sauka. Da wannan lungu ne mai jajayen katuna ke rama wa mai shuɗaye: ka jefa babbar halittarka, ya jefa Contresort, ka kwafi Contresort ɗinsa ka saita kwafin a kan na asalin. Naka ne a sama, ya soke nasa, halittarka ta sauka lafiya. Dabarar ta tsufa, don Fork, kakan waɗannan katuna, yana cikin bugun farko na 1993. Twincast, na shuɗi, ya zo a 2005, Reverberate kuma a 2010, kusan Fork ne aka sake wa riga, illa shi Fork yana mayar da kwafinsa ja ko wane launi ne na asali.

Jimla ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci a wannan babi: kwafin da aka ɗora a kan tari ba jefa shi aka yi ba. Bai fito daga hannu ba, ba a biya masa komai ba, ajiye shi kawai aka yi. Saboda haka duk katin da ke cewa "duk lokacin da ka jefa" bai san da zuwansa ba. Guttersnipe yana cire wa abokin hamayya biyu duk sa'ad da ka jefa katin nan-take ko irin wanda sai a zagayenka kawai ake jefawa. Foudre da Reverberate jifa biyu ne, ya tashi sau biyu. Kwafin da aka haifa ba ya tayar da shi na uku. Monastery Swiftspear, halittar da jifan kati ke ƙara wa ƙarfi, ita ma haka, ba ta ƙara ƙarfi don kwafi. Da kamfanin ya so kwafi ya shiga lissafi, sai da ya rubuta a fili, a katunan Strixhaven na 2021, waɗanda ke cewa "duk lokacin da ka jefa ko ka kwafa".

Wanda ya haddace wannan jimla kuma sai Isochron Scepter, na 2003, ya zo ya kayar da shi. Shi wannan ba katin da ke kan tari yake kwafa ba. Katin da aka ajiye masa a gefe yake kwafa, sannan ya ce kana iya jefa kwafin ba tare da biya ba. Kalmar jefa tana cikin rubutun, don haka jifa ne cikakke, Guttersnipe zai tashi. Kuma tunda sabon jifa ne, babu wata tsohuwar shawara da zai gada: kai za ka zaɓi saiti, in akwai X a farashin kuma sifili ne. Duk lokacin da gardama ta taso, abin da nake cewa shi ne a karanta katin da ƙarfi, a saurara ko kalmar jefa za ta fito bayan kalmar kwafi.

Inda duk waɗannan dokoki suke haɗuwa wuri guda shi ne ikon da ake kira Storm, Déluge a katunan Faransanci, wanda ya fara fitowa a bugun Scourge a 2003. Kati mai wannan iko, da zarar an jefa shi, wani tarko ne ke tashi da kansa ya hau tari a samansa, kuma in tarkon ya sauka sai ya haifi kwafi ɗaya ga kowane kati da aka jefa kafinsa a wannan zagaye, ko waye ya jefa, ko da an soke shi. A ce an jefa huɗu, sannan ka jefa Grapeshot mai cire maki ɗaya: kwafi huɗu da na asali, biyar. Tendrils of Agony yana cire biyu ya ba ka biyu, don haka jifa tara kafinsa ya isa ya share maki 20 tas.

A nan mai Contresort yakan ruɗe, don darasin da ya koya a kan Reverberate ya juye masa. Can, soke na asali yana kashe komai, saboda Reverberate yana saitin katin ne kuma yana bukatar ya tarar da shi. Nan kuwa tarkon ba ya saitin komai, ya riga ya tashi tun lokacin jifa, ya rabu da uwarsa. Ka soke Grapeshot na asali, kwafi huɗu za su zo duk da haka. Contresort ba ya taɓa tarko, kati yake sokewa. Sai irin su Stifle, wanda ya fito tare da Storm a bugu ɗaya, shi ke iya kashe tarkon kansa. In kuwa kwafin sun riga sun hau, kowannensu kati ne mai zaman kansa a kan tari, ɗaya bayan ɗaya za su sauka, ɗaya bayan ɗaya kuma za a soke su in ana da abin sokewa. Su kwafin ba sa tayar da nasu tarkon, ba sa ƙara lissafin jifa, da ba haka ba da abin ba shi da iyaka. Ikon ya yi ƙarfin da har Mark Rosewater, babban mai tsara katunan, ya raɗa wa ma'auninsa na 1 zuwa 10 suna Storm, ma'aunin da yake nuna wahalar dawowar wani iko cikin sababbin bugu.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa bukatar dogon zance. Kwafi ba shi da rayuwa a wajen tari: in Remand, katin da ke soke kati ya mayar wa mai shi, ya mayar da shi hannu, ɓacewa yake yi, ko da yake mai Remand zai ja katinsa guda. Kwafin katin halitta, irin wanda Lithoform Engine na 2020 ke yi, in ya sauka yakan zama ɗan wakili a fage, mu murfin kwalba muke ajiyewa a madadinsa. Katuna masu Split second, na Time Spiral a 2006, irin su Sudden Shock, muddin suna kan tari ba mai iya jefa kati, don haka Reverberate ba ya kama su. A wasan mutum huɗu na Commander kuma, inda kowa ke da kati 100 da maki 40, sai duk huɗun sun sallama a jere, kuma wanda ya sallama da fatan na bayansa zai yi maganin abin, in na bayan ya ƙyale, ba zai sake samun baki ba. Na ga an yi fushi a kan wannan fiye da a kan kwafi.

A daren dai, tunda Reverberate ba shi da abin kwafa, jifan bai halatta ba tun farko, doka kuma ta ce a mayar da komai yadda yake. Kati ya koma hannun ƙanena, Tsauninsa biyu suka miƙe. Asirinsa ne kawai ya tonu. Tun daga ranar muka sa wa kanmu ƙa'ida cewa mai son ɗora kati a kan nasa ya furta kafin ya ɗaga kai, mai karɓa kuma ya ce "na sallama" da bakinsa.

Zagaye biyu bayan nan ƙanena ya jawo wani Foudre. Yaron yana kan maki uku, Tsibirinsa biyu a tsaye. Wannan karon ma ƙanena ya jefa ya sallama, kuma wannan karon jiran shi ne daidai, don mai maki uku ba shi da halin yin shiru. Yaron ya daɗe yana kallon tabarma, ya san abin da ke hannun kawunsa, ya san kuma ba shi da mafita. Ya karkatar da Tsibiran ya ajiye Contresort, wanda ashe yana riƙe da shi tun ɗazu. Baki ya dawo. Ƙanena ya ɗora Reverberate a kan Foudre, yaron ya ce, "Na sallama, Kawu." Kwafi ya hau, aka sake sallamawa, ya sauka, uku suka koma sifili. Wasan yana duba makin kowa kafin ya sake ba wani baki, don haka a nan aka tsaya. Contresort na nan kwance a kan Foudre na asali, ba wanda ya sauka a cikinsu har muka naɗe tabarma.